Sunaye Biyar Kafin a Sauke Allura

A zangon Sokode, in aka ambaci Memunatu mai garmaho, bakinta ake fara tunawa. Wai masifaffiya ce, wai ba ta barin ta kwana. To, an ji. Amma masu faɗin hakan su ne dai suka ci rawa da kiɗanta a sunan 'ya'yansu shekara da shekaru, kuma har yau ba wanda ya zauna ya faɗi abin da matar nan ta yi a bazarar 1993, lokacin da maza masu gemu ke tsoron ambaton sunan maƙwabcinsu. Wannan butulci ne, ba shi da wani suna.

Sana'arta biyu ce. Da safe koko da ƙosai a bakin tasha. Bayan azahar, in akwai suna ko biki, sai ta ɗora garmaho a ka, ta tura batirin mota a baro, ta nufi gidan. Garmahon gadon wanta ne, Taufiƙ tela, wanda motar kaya ta kife da shi a kwanar dutsen Alejo a 1984. Bai bar mata gida ba, bai bar fili ba. Abin da ya bari shi ne garmahon, da faya-faye goma sha wani abu, a cikinsu har da guda ɗaya mai jan tambari a tsakiya, wanda zango ke kira Jan Faifai.

Wanda bai san Jan Faifai ba, ga labarinsa. A 1976 wasu samari biyar masu wando buje da tulin gashi suka hau motar doya zuwa Kwatano, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti da safe, suka fito da yamma da waƙa takwas. Sunan ƙungiyarsu da Faransanci yake, amma zango ya raɗa musu 'Yan Fitila, shi ya bi su. Kiɗan jita ne irin na Turawan lokacin, sai dai an zuba masa yajin gida har ya manta inda ya fito. Fuseini, ɗan Kotokoli, shi ke waƙa, kuma ba laifi, Allah ya ba shi maƙogwaro. Abalo, Bakabre, yana kan jita. In ya ja wayar nan sama sai ka ji kamar mace ce ke kiran ɗanta daga ƙetaren rafi. Komla, ɗan Ewe daga kudu, malamin lekol ne, wato makarantar boko, da aka turo aiki Sokode, shi ke danna ogan, yana shimfiɗa sauti a ƙarƙashin kowa kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Lamboni, ɗan Moba daga Dapango, yana kan ganguna, mutumin da bai taɓa gaggawa ba kuma bai taɓa latti ba. Sai Taufiƙ a kan jitar bas. Shi nasa kiɗan ba da kunne ake jin sa ba, a ƙirji yake sauka, kamar babbar mota ta wuce ta bayan ɗaki.

An buga kwafi ɗari biyar. Zuwan kaset ya kashe su: wasu suka fashe, wasu yara suka yi gare da su, wasu aka rufe bakin tulu da su. Gidan rediyo, in ya ga dama ya tuna, sai mai gabatarwa ya ce ga Fuseini da makaɗansa. Da makaɗansa! Kamar wasu awaki ne ya koro daga kasuwar Kambole. Wannan magana ita ta zauna wa Memunatu a wuya, ita ce kuma ta haifar da al'adarta. Ba ta sauke allura a kan Jan Faifai sai ta miƙe tsaye, ta ɗaga kwalinsa kowa ya ga hoton, ta kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsa da abin da yake kaɗawa, Taufiƙ a ƙarshe. Masu kwafar kaset a tasha sun bi ta har sun gaji. Ta hana. Ta ce ta san halinsu, za su rubuta Fuseini da biro a jikin kaset, shi ke nan an binne mutum huɗu ba sallah. Haka aka wayi gari, iya sanin kowa, nata kaɗai ya rage a arewacin ƙasar.

Sai ƙasa ta rikice. Daga 1991 aka shiga taron ƙasa, jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawar damina, aka ƙone taya, aka ja daga, mutane suka koma ƙidaya juna da yare. Wanda kuka ci tuwo tare jiya, yau sai a ce a duba sunan mahaifinsa. A irin wannan yanayi kiran sunaye biyar ya zama abin magana. In ta ce Abalo, 'yan wani ɓangare su ɓata rai; in ta ce Komla, ɗaya ɓangaren ya fara tari. Hajiya Rakiya mai atamfa, ranar sunan jikanta, ta ja ta gefe ta roƙe ta cikin lalama da ta saka kiɗan kawai, a bar sunayen nan sai ƙura ta lafa.

"Hajiya," in ji Memunatu, "in na dafa miki miya na cire gishiri da daddawa don baƙinki ba sa ga maciji da mai sayar da su, za ki ci?"

Hajiya ta ce ita dai zaman lafiya take so. Memunatu ta ce ita ma haka, ta naɗe wayarta, ta ɗora garmaho a ka, ta fita kafin a raba goro. Daga ranar gayyata ta ja baya. Masu biki suka koma hayar samari masu rediyon kaset, waɗanda ba sa kiran sunan kowa don ba su san kowa ba. Ita kuwa ta ci gaba da kokonta, tana zagin duniya a hankali.

Ana cikin dogon yajin aikin nan da ya rufe ofisoshi da makarantu watanni, wani direba ya kawo mata wasiƙa daga Dapango. Lamboni ne. Tun rasuwar Taufiƙ ba su haɗu ba. Ya koma gida yana ɗinka ganguna yana sayarwa, hannunsa na dama ya fara rawa, ba ya iya riƙe sanda. 'Yarsa Adiza za ta auri wani malamin lekol ɗan zangon Dapango mai suna Jibril. Ya ce nasa faifan ya daɗe da salwanta, 'ya'yansa kuwa in ya ce musu ya taɓa kiɗa a faifai sai su kalli juna su yi murmushi, irin murmushin da ake yi wa tsoho. Ya ce yana son su ji da kunnensu sau ɗaya kafin hannun hagun ma ya bi ɗan'uwansa.

Kowa ya ce kada ta je. Hanya cike da shinge, mota sai an yi sa'a. Ta ce wanda ya ɗauki makarar wanta ba zai kira ta ta ƙi zuwa ba.

Ta shirya faifan yadda duk macen zango ke shirya abin da ta fi ƙauna. Ta naɗe shi da sabon zane, ta kwantar da shi a cikin babbar kwalla, ta ɗora wasu zannuwa, ta rufe da murfi, ta ɗaure da ɗankwali. Haka uwarta ke tafiya da zinariyarta, haka kakarta ta zo da tasbahar mijinta daga ƙasar Hausa. Soja ba ya buɗe kwallar mace sai in ya rasa abin yi, ɓarawo ba ya zaton komai a ciki sai tsumma. Dabara ce mai kyau ga zinariya. Ba wanda ya taɓa gwada ta da faifai.

Daga Sokode zuwa Kara kwallar na kan cinyarta. A Kara aka ƙara fasinja har ƙofa ba ta rufuwa, direba ya rantse ko kwalla ta hau sama ko mai kwalla ta sauka. Ta yi faɗa, ta yi kirarin iyayenta, a ƙarshe ta tsaya da kanta ta ga an ɗaure ta a saman kaya da kyau, ba abin da zai danne ta. Dannewa take tsoro. Kafin Mango suka tarar da shinge, aka sauke kowa, aka tsayar da motar a tsakar titi tun rana na tsaka har la'asar sakaliya, ana duba katin shaida ana tambayar kowa garinsu. Watan Maris ne. Fasinjoji suka fake a gindin wata bishiya suna fifita da hannu, kwallar ƙarfe kuwa tana can sama ita da rana, ba mai raba su.

Sun isa Dapango gab da magariba. Lamboni ya tare ta a ƙofar gida, ya tsufa, ya rame, amma dariyar tana nan. Hausarsa irin ta 'yan can ce, mace ma "ka" ce a bakinsa.

"Ƙanwar Taufiƙ, ka zo? Har yanzu bakin yana nan, ko soja sun karɓe a hanya?"

Ta ce da sun karɓa da sun dawo da shi da kansu. Aka yi dariya, aka kawo ruwa. Ba ta ko sha ba ta kwance ɗankwali, don ta nuna wa 'ya'yan nan masu murmushi hoton ubansu da tulin gashi. Murfin kwallar har lokacin da ɗumi. Ta ɗaga zannuwa, ta zaro faifan daga kwalinsa, sai ta tsaya.

Ya lanƙwashe. Gefe ɗaya ya tashi, ɗaya ya faɗa, kamar malfar da aka zauna a kai. Ta aza shi a kan garmahon da ta zo da shi ba tare da ta kunna ba, ta juya shi da yatsa, yana hawa yana sauka kamar kwalekwale. Ba allurar da za ta zauna a kan wannan.

Memunatu ta zauna a ƙasa. Abin da ke cinta ba rana ba ce, ba direba ba ne, ba masu shinge ba ne. Ita ce ta hana a kwafa. Shekara tara tana gadin muryar wanta kamar kaza a kan ƙwai, ga shi ita da hannunta ta saka shi a tanda ta rufe.

Lamboni ya karɓi faifan da hannun hagu, ya ɗaga shi daidai idonsa, ya daɗe yana dubawa ta gefe. Ya ce bai tsage ba, layukan ba su narke ba, lanƙwasa ce kawai. Ya ce shi shekara arba'in yana aiki da fata, kuma abin da rana ta karkatar rana ke miƙar da shi, sai dai ba ranar tsaka ba, ranar hantsi, wadda ke lallashi. Yana buƙatar gilashi biyu masu faɗi, shafaffu, da kwana uku. Biki kuwa saura kwana huɗu.

Gilashi mai faɗin faifai ba abin da ake tsinta ba ne a Dapango ana yajin aiki. Na tagogi duk sirara ne. Ango Jibril ne ya tuna da hoton nan na babban mutum, wato shugaban ƙasa, mai gilashi a fuska, da kowane mai shago ke ratayewa don zaman lafiya da hukuma. Tun da aka fara rikici da yawa sun sauke nasu, amma ba wanda ya yar, don ba a san inda gobe za ta faɗi ba. Suka je wurin Mumuni mai kayan masarufi. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya ce nasa na ƙarƙashin gado, kuma a can dai ba ya buƙatar gilashi. Na biyun daga wurin surukinsa aka samo, shi ma daga ƙarƙashin gado, da sharaɗin in an ji motar soja a dawo da shi da gudu.

Washegari da hantsi aka wanke gilasan, aka goge, aka sa faifan a tsakani, aka ajiye a kan tabarma a tsakar gida. Lamboni ya tsuguna kusa. Ba agogo yake dubawa ba. Lokaci lokaci sai ya kwantar da kuncinsa a kan gilashin, yadda yake yi wa fatar ganga, ya ce da saura. Da ya ji abin da yake jira sai ya ce a ɗauka, a hankali, kamar jariri. Aka kai inuwar ɗaki, aka ɗora zane ninki huɗu, aka aza kwano mai shafaffen gindi cike da ruwa, aka ce kada wanda ya taɓa sai gobe. Memunatu ta zauna gadin ƙofar, ta kori kaji, ta kori dangin amarya.

Rana ta farko, kusan ba bambanci. Ta ce a ƙara masa lokaci a rana, a gama da shi. Lamboni ya ce irin wannan gaggawar ce ta sa ba a taɓa ba Taufiƙ ganga ba. Ta ce ai shi ma saboda sanyin jikinsa aka ajiye shi can baya inda ba a ganin sa a hoto sosai. Ya ce a baya ake tuƙa jirgin ruwa. Haka suka yi ta yi kwana uku, tana zuga, yana hanawa, yana sa kunci a gilashi. A rana ta uku da aka ɗaga, faifan ya kwanta. Ba sarai ba, bakin gefensa na da ɗan tudu, amma ya kwanta. Ta hana a gwada. Ta ce in zai yi magana sau ɗaya ne kawai, to a gaban jama'a zai yi.

An ɗaura aure da safe, aka sa wasa bayan la'asar don kowa ya koma gida da haske. Tsakar gidan ya cika: Moba, Hausawan zango, Mosi 'yan kasuwa, da wasu samari da kowa ya san jam'iyyar da suke yi wa aiki, sun jingina da bango sun harɗe hannu. Wani kawun ango, wanda labarin al'adarta ya riga ya isa kunnensa, ya matso ya ce mata cikin ladabi, baƙuwa ce ita, ba ta san garin ba, ta taimaka ta saka kiɗa kawai.

"Baba, na gode," in ji ta. "Amma mutum biyar suka dafa abincin nan. Ba zan raba shi in ce daga sama ya faɗo ba."

Ta haɗa wayar batir. Ta ɗora ƙaramin kwabo a kan hannun allura don ya danne ta a wurin tudun. Ta miƙe, ta ɗaga kwalin. Ta kira Fuseini na Sokode, mai waƙa, aka yi guɗa. Ta kira Abalo na ƙasar Kabre, mai jita, sai guɗar ta yanke kamar an rufe famfo. Lamboni ya tashi daga kujerarsa, ya ce da ƙarfi wannan ɗan'uwansa ne, sun kwana tabarma ɗaya shekara shida. Ta kira Komla ɗan kudu, mai ogan. Ɗaya daga samarin jikin bango ya yi tsaki. Lamboni ya juya ya dube shi, ya ce wannan shi ya koya masa rubuta sunansa, in akwai mai magana ya fito fili. Ba wanda ya fito. Ta kira Lamboni na Dapango, mai ganguna, ga shi tsaye. Sannan ta kira Taufiƙ na zangon Sokode, mai bas, muryarta ta ɗan karye, tsofaffi suka ce Allah ya jiƙansa.

Ta sauke allura.

Aka ji ƙaras ƙaras. Allurar ta hau tudun, ta yi kamar za ta yi tsalle, kwabon ya riƙe ta. Ogan ɗin Komla ya shigo yana ɗan layi kamar mai jin barci, zagaye ɗaya, zagaye biyu, sai ya miƙe. Jita ta yi kira. Sai ga bas, daga ƙasa, ya bugi ƙirjin kowa a gidan nan. Memunatu ta dafe bakinta da gefen mayafi. Da gangunan suka faɗo, wani sauri mai tsabta da ya zagaye ya dawo daidai inda ya tashi, sai Adiza amarya ta yaye lulluɓinta ta dubi ubanta.

"Baba, kai ne wannan?"

"Da hannu biyu," in ji shi.

Daga nan ba a sake jin maganar kowa ba. Mata suka cika fili, kawun ango ya manta da shawararsa yana gyaɗa kai, samarin jikin bango suka daure waƙa ɗaya, a ta biyu ƙafa ta ci amanarsu. Babban ɗan Lamboni, shugaban masu murmushi, ya tsuguna gaban ubansa ya riƙe hannun nan mai rawa. Aka cinye gefe ɗaya, aka juya, aka cinye ɗayan.

Da aka nemi a maimaita, Memunatu ta kira ango. Ta tambaye shi ko rediyon kaset ɗin nan da ta gani a ɗakinsa yana ɗaukar sauti. Ya ce yana ɗauka, amma ai an ce ta haramta. Ta ce ta haramta, yanzu kuma ta halatta, ya kawo kafin ta sake tunani. Aka ajiye rediyon gaban lasifika, aka ce kowa ya yi shiru. Sai dai wannan karon ta sauya tsari. Ta fara sauke allurar, ta bari ogan ya shigo, sannan ta sunkuya ta kira sunayen biyar a kan kiɗan, a tsanake, ta ajiye na Taufiƙ daidai inda bas ɗinsa ke shigowa. Jibril ya ce ai muryarta ta hau kan waƙar. Ta ce shi malamin lekol ne amma ba ya ganewa da wuri.

Masu kwafa a tasha su suka gane. Kafin yajin aiki ya ƙare kaset ɗin ya bazu daga Sinkase har Blita, ana jin sa a motocin haya, a shagon aski, a kasuwar Nano da ta Pagala. Da yawa sun so su yanke muryar matar nan da ke ambaton Bakabre da ɗan kudu a numfashi ɗaya, amma in ka yanke ta ka yanke farkon waƙar, kuma ba fasinjan da zai yarda a ba shi waƙa ba kai. Dole aka bar ta. Direbobi suka haddace sunayen ba da niyya ba, suna faɗa tare da ita, har da ɗan karyewar muryar a ƙarshe.

An mayar wa Mumuni da surukinsa gilasansu, an goge tas. Lamboni ya rasu bayan shekara biyu, kuma a garinsu yanzu ba mai murmushi in aka ce ya yi kiɗa. Jan Faifai yana Sokode, a tsaye a bayan akwati, nesa da taga, ba ya sake shiga kwalla. Memunatu ta daina ɗaukar garmaho, wuya ya ƙi, amma tana nan bakin tasha da kokonta. In wani yaron zamani ya wuce yana jin tsohuwar waƙar a wayarsa ya ce ai ta Fuseini ce, takan ajiye ludayi ta kira shi. Ba ta ba shi koko sai ya kawo sauran huɗun.